Ciwon haƙarƙari da ya ƙi tafiya: daga ina yake tasowa, kuma yaushe yake zama na gaggawa?

Mutum biyu za su iya zuwa asibiti da kuka iri ɗaya. Kowannensu ya dafa gefen ƙirjinsa na hagu ya ce wata biyu ke nan wajen yana damunsa. A sallami na farko da maganin rage raɗaɗi da shawarar ya sassauta ɗaukar kaya masu nauyi, na biyun kuma a ba shi gado a ranar. Mai kallo daga gefe zai ɗauka an yi wa ɗaya sakaci ne. Alhali wurin da suka dafa ne kawai ɗaya, abin da ke ciwon ya bambanta.

Ruɗanin ya samo asali ne daga yawan abubuwan da suka taru a wannan yanki na jiki. Haƙarƙari ya kewaye zuciya da huhu. Ƙasansa ya rufe hanta da matsarmama a dama, saifa da saman tumbi a hagu, ta baya kuma ya kare saman ƙoda biyu. Shi kansa haƙarƙarin yana da ƙashi da guringuntsi da tsoka da jijiyoyi, kowanne da irin nasa ciwon. Don haka nuna wurin da ke ciwo ba ya isar likita. Abin da ya fi nema shi ne halin ciwon: me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, kuma da me yake zuwa.

Yadda wajen yake da abin da ake nufi da ciwo mai daɗewa

Haƙarƙarin ɗan Adam guda 24 ne, 12 a kowane gefe, ga mace da namiji. Dukkansu sun faro daga ƙashin baya. Bakwai na sama sun haɗu da ƙashin tsakiyar ƙirji ta hanyar guringuntsi. Na 8 da na 9 da na 10 ba su kai ga ƙashin tsakiyar ba, kowanne ya manne ne a jikin guringuntsin da ke samansa. Na 11 da na 12 kuwa bakinsu a sake yake, ba su riƙe da komai ta gaba. Tsakanin kowane haƙarƙari da na kusa da shi akwai siraran tsokoki, sannan a ƙarƙashin kowanne akwai jijiyar saƙo da ta fito daga laka ta zagayo har gaban ƙirji.

Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wato kusan sau 20,000 a yini da dare, kuma kowane numfashi sai ya motsa waɗannan gaɓoɓi. Hannun da ya yi targaɗe ana iya ɗaure shi a hutar da shi, amma babu yadda za a hutar da haƙarƙari gaba ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da ƙaramin rauni a nan yake jan lokaci kafin ya warke.

A tsarin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022, ciwo mai daɗewa shi ne wanda ya wuce wata 3 yana nan ko yana tafiya yana dawowa. Wannan ma'auni ne na rarrabewa, ba wa'adin jira ba. Ciwon da ya shafe mako 2 ko 3 bai sauka ba ya isa a kai shi gaban likita.

Akwai kuma abin da ake kira ciwon da ke bayyana nesa da tushensa. Jijiyoyin kayan ciki da na fata suna shiga laka ta ƙofofi ɗaya, kamar gidaje biyu da ke kan layin wuta ɗaya, matsala ta faru a wannan, fitila ta yi rawa a wancan. Ƙwaƙwalwa takan kasa tantance daga inda saƙon ya fito. Shi ya sa ciwon matsarmama ke iya bayyana a allon kafaɗar dama, ciwon zuciya a hannun hagu ko muƙamuƙi, matsalar ƙashin baya kuma a gaban ƙirji.

Idan bangon ƙirjin ne da kansa

Binciken da aka yi a ƙananan asibitocin ƙasashen Turai da Amurka, inda marasa lafiya ke fara zuwa, ya nuna cewa ciwon tsoka da ƙashi da guringuntsi shi ne kan gaba cikin dalilan ciwon ƙirji, daga kashi 20 zuwa kusan 50 cikin 100 na masu zuwa da wannan kuka. Alamar da ta haɗa su ita ce motsi yana tayar da ciwon: juyi a kan gado, miƙa hannu, tari, atishawa, jan dogon numfashi. Sau da yawa kuma mutum zai iya nuna wurin da yatsa ɗaya, idan aka danna sai ya ce shi ne ciwon da ke damunsa.

Wanda aka fi ambata shi ne kumburin mahaɗar guringuntsi da haƙarƙari, wanda likitoci ke kira kostokondiraitis. Ya fi kama haƙarƙari na 2 zuwa na 5, a gefen ƙashin tsakiya, sau da yawa fiye da wuri ɗaya, kuma ya fi yawa a hagu. Kasancewarsa a hagu ne ke jefa mutane cikin fargabar ciwon zuciya. Yakan biyo bayan tari mai tsanani, ko aikin ƙarfi da jiki bai saba ba, ko kuma ya zo babu wani dalili da za a kama. Ba a ganin kumburi a ido, gwajin jini da hoton ƙirji kuma sukan fito lafiya lau. Yawanci yakan lafa cikin makonni ko ’yan watanni, amma akwai wanda yake kaiwa shekara yana tafiya yana dawowa. Yana da ɗan'uwa da ba a cika gani ba, wanda wani likitan tiyata Bajamushe, Alexander Tietze, ya bayyana a 1921. Shi wannan yana zuwa da kumburin da ake gani ake taɓawa, galibi a wuri ɗaya, a haƙarƙari na 2 ko na 3, kuma ya fi samun waɗanda ba su kai shekara 40 ba.

Sai gocewar tsokokin tsakanin haƙarƙari, daga ɗaga kaya, murɗa jiki ba zato, wasanni ko dogon tari. Ƙarama takan warke cikin ’yan makonni, sai dai idan mutum ya ci gaba da aikin da ya jawo ta, to kullum sabuwa take komawa.

Tsagewa ko karayar haƙarƙari ba sai an yi haɗarin mota ba. Tari mai ƙarfi kaɗai yana iya tsaga shi, musamman ga tsofaffi da matan da al'ada ta ɗauke musu, waɗanda ƙashinsu ya yi rauni, da masu shan magungunan rage kumburi dangin sitiroyid na dogon lokaci. Masu tuƙin kwalekwale na gasa ma sukan samu tsagewa a hankali saboda maimaita motsi ɗaya. Hoton eksire yana rasa ganin ƙananan tsagewa da dama, don haka hoto mai kyau ba ya kore ta. Ƙashin yakan haɗe cikin kusan mako 6. A da ana ɗaure ƙirji tamau da bandeji, amma an bar wannan, domin mai ƙirji a ɗaure ba ya jan numfashi sosai, majina ta taru, nimoniya ta samu hanya.

Akwai nau'i guda da ya cancanci a daɗe a kansa saboda yawan kuskurensa da ake yi, wato gocewar haƙarƙarin ƙasa. Tun da na 8 zuwa na 10 riƙonsu ba mai ƙarfi ba ne, idan zaren da ya ɗaure su ya saki, bakin ɗaya yakan zame ya shige ƙarƙashin na samansa ya goge jijiyar da ke wurin. Mutum zai ji suka mai kaifi a ƙasan haƙarƙari, wani lokaci da ɗan ƙara ko jin wani abu ya goce, sannan zogi ya biyo baya na sa'o'i. Sunkuyawa, tashi daga kujera da juyi a kwance su ne ke tayar da shi. Edgar Cyriax ya bayyana shi tun 1919, amma har yanzu masu shi sukan yi ta yawo tsakanin sikanin ciki da gwajin olsa da na matsarmama, domin ciwon yana daidai inda ake zargin kayan ciki, kuma hoton da aka ɗauka mutum na kwance shiru ba ya nuna komai. Gwajinsa na hannu ne: likita ya cusa yatsu ƙarƙashin bakin haƙarƙarin ya ɗan jawo shi sama, idan ciwon ya tashi, an samu bakin zaren. Sikanin da aka yi mutum yana motsi ma yana iya nuna zamewar.

Jijiyoyi da ƙashin baya

Ciwon jijiya yana da nasa ɗanɗano: ƙuna, tsira, fizga, ko fata ta zama ko riga ta taɓa ta sai an ji zafi. Yakan bi layin haƙarƙari ɗaya daga baya zuwa gaba, a gefe guda, ba ya tsallake tsakiyar jiki.

Fitaccen mai jawo shi shi ne cutar zosta. Ƙwayar cutar ƙarambau ba ta barin jikin wanda ya taɓa yi. Takan laɓe a tushen jijiyoyi shekara da shekaru, idan garkuwar jiki ta yi rauni saboda tsufa, cuta mai karya garkuwa, sankara ko wasu magunguna, sai ta farka ta bi jijiya ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 3 a ƙasar zai gamu da ita a rayuwarsa. Inda gizo ke saƙa shi ne, ciwon yakan riga ƙurajen fitowa da kwanaki, sai a yi ta neman dalili a zuciya ko ciki. Maganin ya fi tasiri idan aka fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Ga wasu, musamman tsofaffi, ƙurajen sukan warke amma ƙunar ta zauna fiye da wata 3, wani lokaci shekaru. Akwai allurar rigakafinta, wadda ƙasashe da dama ke ba masu shekara 50 zuwa sama.

Ciwon suga da ya daɗe yana iya taɓa waɗannan jijiyoyi. Haka ma tiyatar ƙirji ko ta nono, inda ciwon ke zama a layin ɗinki bayan rauni ya warke. Ƙashin baya na tsakiya, mai gaɓoɓi 12 da haƙarƙari ke jingine da su, idan ya samu zaizayewa, ko wata gaɓa ta burma saboda raunin ƙashi, ko tarin fuka ya kama shi, ciwon yana iya zagayowa gaba. Akwai kuma wani amosanin ƙashin baya da ke farawa kafin shekara 45, wanda alamarsa ta saɓa wa ta ciwon gajiya: mutum ya tashi da safe a sandare fiye da minti 30, motsi ya sa ya ji sauƙi, hutu ya ƙara masa ciwo, a hankali ƙirjin ya rage buɗewa.

Huhu da zuciya

Naman huhu kansa ba ya jin ciwo sosai. Tantanin da ya shimfiɗu a cikin bangon ƙirji ne mai ji, kuma idan ya kumbura sai kowane jan numfashi ya zo da suka. Wannan ya yi kama da ciwon tsoka ƙwarai, bambancin yana cikin abokan tafiyarsa. Nimoniya tana zuwa da zazzaɓi da tari da kaki. Tarin fuka yana tafiya a hankali: tari fiye da mako 2, zufar dare, rama, ƙaramin zazzaɓi, wani lokaci ruwa ya taru a gefen huhu ɗaya. Ba tsohon labari ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 suka kamu da shi a 2023, kusan miliyan 1.25 kuma suka mutu. Duk mai ciwon haƙarƙari da dogon tari da rama ya kamata a gwada kakinsa.

Gudan jini da ya taso daga jijiyar ƙafa ya toshe jijiyar huhu shi ne abin da likitoci suka fi tsoron ya kuɓuce musu. Yana zuwa da suka da haki da saurin bugun zuciya, wani lokaci da tarin jini ko kumburin ƙafa ɗaya. Haɗarin ya fi yawa bayan tiyata, doguwar jinya a kwance, doguwar tafiya a zaune, juna biyu da jego, sankara, da shan ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin istirojin. Iska ma tana iya zubowa tsakanin huhu da bango ta danne huhun, abin da ya fi samun samari dogaye sirara da masu shan taba, kuma farat ɗaya yake farawa.

Ciwon da ke fitowa daga ƙarancin jini a tsokar zuciya yawanci ba suka ba ne. Nauyi ne ko matsewa a tsakiyar ƙirji, ba a nuna shi da yatsa ɗaya, yana tasowa idan an hau bene ko an yi sauri ko rai ya ɓaci, ya lafa cikin ’yan mintuna idan an huta. Yana iya shafe watanni a haka, wanda ya sa shi ma yana cikin ciwuka masu daɗewa. Amma ga mata da tsofaffi da masu ciwon suga, yakan zo a wata kama: haki, kasala, tashin zuciya, ko zafi a ƙahon zuci da za a ɗauka ƙwannafi ne. Saboda wannan ne ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya biyu na Amurka suka fitar a 2021 ta nemi a daina yi wa irin wannan ciwo laƙabin wanda bai yi kama da na zuciya ba, domin laƙabin yana sa a yi sakaci. Ta ce a raba shi gida uku: na zuciya, mai yiwuwa na zuciya, da wanda ba na zuciya ba. Dole kuma a san cewa jin zafi idan an danna ƙirji yana rage zargin zuciya ne kawai, ba ya kore shi, domin mutum yana iya haɗa biyun. Kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya shi kuma suka ne da ke ƙaruwa a kwance, ya ragu idan an zauna an sunkuya gaba, kuma yana iya dawowa bayan ya warke.

Abin da ke ƙarƙashin haƙarƙarin ƙasa

Idan ciwon yana da alaƙa da cin abinci, yunwa, bahaya ko fitsari fiye da motsi da numfashi, hankali sai ya koma ciki.

A dama, tsakuwar matsarmama tana jawo murɗa mai ƙarfi da ke ɗaukar daga rabin awa zuwa sa'o'i, sau da yawa bayan abinci mai maiƙo ko cikin dare, ta harba zuwa allon kafaɗa, sannan ta lafa har wani jiƙon. Ta fi yawa ga mata, masu ƙiba, waɗanda suka haura 40, da masu sikila. Hanta kuwa, kamar huhu, namanta ba ya kuka sai fatar da ta rufe ta ta miƙe, don haka ciwonta nauyi ne mara kaifi, kuma yakan makara kafin ya bayyana. Mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B mai daɗewa a 2022 a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mafi yawansu ba su sani ba. Nauyi a ƙasan haƙarƙarin dama tare da ciwon shawara, rama ko kumburin ciki yana buƙatar gwajin jini da sikanin hanta.

A tsakiya da hagu akwai ƙwannafi da gyambon ciki. Manyan dalilan olsa biyu ne: wata ƙwayar bakteriya da Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano rawarta a farkon shekarun 1980, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005, da kuma magungunan kashe raɗaɗi dangin ibufurofen da daikulofenak. Kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, yana huda ciwo daga gaba zuwa baya, kuma giya da tsakuwar matsarmama ne kan gaba wajen jawo shi. Saifa tana girma saboda maimaituwar maleriya, cututtukan jini ko na hanta, ta sa nauyi a hagu da saurin ƙoshi. Wani lokaci kuma iska ce kawai ta maƙale a kwanar babban hanji da ke ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, da zarar ta fita ko an yi bahaya sai a ji sakayau.

Ta baya, ƙasa da haƙarƙari na ƙarshe, ƙoda ce. Tsakuwa tana murɗawa ta gangara kwiɓi zuwa mara, wani lokaci da jini a fitsari. Idan ƙwayar cuta ce, za a ga zazzaɓi da rawar ɗari da zafin fitsari.

Mai juna biyu tana da nata bayani. A watannin ƙarshe mahaifa tana tura haƙarƙari sama ta buɗa shi, ciwon ya zama ruwan dare. Amma ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama bayan mako na 20, tare da ciwon kai, dishi-dishin gani ko kumburin fuska, yana iya zama alamar hawan jinin juna biyu da ke kai wa ga jijjiga. Wannan na awon hawan jini ne a ranar.

Ciwon ƙashin da ba ya barin barci

Kaɗan ne daga cikin masu ciwon haƙarƙari ke da sankara, amma tana cikin lissafi. Ta nono da ta huhu da ta mafitsarar maza sukan bazu zuwa haƙarƙari, akwai kuma ta ɓargo da ke cin ƙashi. Ciwon yakan tsaya wuri ɗaya, ya ƙaru mako bayan mako, ya tashi mutum cikin dare, hutu kuma bai rage shi. Ƙarancin bitamin D mai tsanani yana tausasa ƙashi ya sa haƙarƙari da ƙugu tsami. Ga mai sikila kuwa, ciwon haƙarƙari da zazzaɓi ko tari ko haki na iya zama farkon rikicin ƙirji, wanda yake cikin manyan abubuwan da ke kashe masu cutar.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Muhawara ta farko kan yawan gwaji ce. Wani ɓangare na ganin tun da akwai cututtuka masu kisa a jerin, gara a yi hoto mai zurfi tun farko, mara lafiya ya samu kwanciyar hankali, likita ma ya fita daga zargi. Ɗaya ɓangaren na cewa tambayoyi masu kyau da gwajin hannu, tare da awon bugun zuciya na ECG da hoton ƙirji idan da buƙata, sun isa ga mafi yawan mutane. Hujjarsu ita ce hoton ƙirji mai zurfin, wanda ake kira CT, yana ɗauke da tururin radiyeshin da ya ninka na eksire fiye da sau 50, yana da tsada, kuma yakan tono ƙananan abubuwa marasa illa da za su jawo sabon tsoro da sabbin gwaje-gwaje. Ga shi kuma kumburin guringuntsi da gocewar haƙarƙari da ciwon jijiya ba su cika fitowa a cikinsa ba. Ƙa'idojin yanzu sun fi karkata ga auna haɗarin kowane mutum. Matashi mai shekara 25 da ciwon ya fara masa bayan ɗaga kaya ba ɗaya yake da mai shekara 60 mai hawan jini da suga da shan taba ba, ko da bayaninsu ya yi kama.

Ta biyu kan damuwa ce. Babu musu cewa fargaba tana ɗaure tsokokin ƙirji, ta sa numfashi sama-sama, ta jawo ciwo na gaske, kuma tsoron ciwon zuciya yana ƙara rura shi. An kuma tabbatar cewa ciwon da ya daɗe yana iya sa jijiyoyi su ƙara saurin ji, har ciwon ya ci gaba bayan raunin farko ya warke. Saɓanin yana kan lokacin da ya dace a jingina ciwo ga damuwa. Masu sukar gaggawar yin haka suna nuni da marasa lafiyar da aka ce musu tunani ne, daga baya aka gano gocewar haƙarƙari ko ciwon jijiya. Matsayin da ya fi ƙarfi shi ne damuwa ba kwandon zuba duk abin da hoto bai nuna ba ne. Ana kama ta ne da nata alamomin, bayan an duba jiki da kyau, kuma tana iya zama tare da wata cutar.

Ta uku kan magani ce idan ciwon bangon ƙirji ya ƙi ji. Wasu sun fi son motsa jiki da gyaran zama da gashi, wasu allurar kashe zafi a kan jijiyar, tiyata kuma sai ga gocewar haƙarƙarin da ta gagari sauran hanyoyi. Binciken da ya gwama waɗannan hanyoyi kai tsaye ba shi da yawa, shi ya sa shawarar likitoci ke bambanta.

Abin da ya rage ga mai ciwon

Illa ta farko da ke samun mutane ita ce shan magani ba tare da sanin cutar ba. Ibufurofen da daikulofenak suna taimakon ciwon guringuntsi da tsoka na ɗan lokaci, amma idan tushen ciwon olsa ne, su ne za su ƙara shi har ya yi jini. Shan su na watanni yana taɓa ƙoda ya ɗaga hawan jini, kuma ba a son mai juna biyu ta sha su daga mako na 20 sai da izinin likita. Farasitamol bai kamata ya wuce giram 4 a awa 24 ga baligi mai lafiya ba, mai ciwon hanta ko mai shan giya kuma ƙasa da haka. Tiramadol da kodin suna rufe ciwo su bar cutar, su ƙara da jaraba. A ɗaya gefen, wanda ya yanke wa kansa hukuncin olsa ce zai iya shafe watanni yana shan maganin ƙwannafi alhali zuciyarsa ce ke kuka.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: nauyi ko matsewar ƙirji da ta wuce minti 15, ko ta zo da zufa, jiri ko harbawa zuwa hannu da muƙamuƙi, sarƙewar numfashi, tarin jini, suma, zazzaɓi mai zafi, aman jini ko baƙin bahaya, ciwon hagu da na kafaɗa bayan bugu a ciki, wanda zai iya zama fashewar saifa, da rauni ko mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari tare da ciwon baya. Rama ba dalili, zufar dare, ciwon shawara, ƙulli a nono ko a kan ƙashi, da ciwon da ke hana barci suna buƙatar ganin likita cikin kwanaki, musamman ga wanda ya taɓa yin sankara.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da zai fi gajarta wahala shi ne zuwa da bayani tsararre. Mutum ya lura da ranar da ciwon ya fara da abin da yake yi a lokacin, ko yatsa ɗaya ke nuna shi ko tafin hannu, ko suka ne ko ƙuna ko nauyi, tsawon lokacin da yake ɗauka idan ya taso, da abin da ke tayar da shi tsakanin motsi, numfashi, tafiya da abinci. Ya faɗi duk maganin da ya sha, har da wanda ya saya da kansa. Ya kuma nemi a duba fatar wajen, a danna haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya daga gaba har ƙashin baya, domin da yawa daga cikin dalilan nan hannu ne ke gano su. Idan an ce ciwon guringuntsi ko tsoka ne amma mako 4 zuwa 6 suka wuce babu sauƙi, ko halin ciwon ya sauya, a koma a sake dubawa daga farko.